Tambaya: inci nawa ya kamata hannun ƙwallon ja ya sauka don tirela ta tsaya daidai?

Mai A-kori-kura ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana harkar mota. Ina da tambaya a kan jan tirela, kuma ba babbar tirelar dakon kaya nake nufi ba, ƙarama nake nufi, irin wadda ake ɗaurawa a bayan mota a kan ƙwallon ƙarfe. Motata a-kori-kura ce mai tsayin ƙafa, a ƙarƙashin bambarta ta baya akwai bututu mai kusurwa huɗu na inci 2, wanda ake zura hannun ƙwallon a ciki a sa masa sakata. Tirelar kuwa mai aksul biyu ce, tayoyi huɗu, kuma idan na loda mata kayan aikina nauyinta gaba ɗaya yana kai wa kilo 1,600.

Hannun da na samu a jikin motar lokacin da na saye ta inci 2 kacal yake sauka. Duk sa'ad da na ɗaura tirelar, ko makaho ya shafa ya san gabanta ya ɗaga sama, bayanta kuma ya yi ƙasa. Na daɗe ina tafiya a haka ban damu ba, sai makon jiya abubuwa biyu suka tayar mini da hankali a rana ɗaya. Ina kan miƙaƙƙiyar hanya da gudun kilomita 80 a awa, wata babbar mota ta wuce ni, nan take tirelar ta fara lilo hagu da dama har na ji sitiyari yana neman ƙwacewa daga hannuna, kuma sai da na ɗaga ƙafa daga totur a hankali na bar gudun ya mutu da kansa kafin ta natsu. Da na samu wuri na tsaya, na zagaya ina taɓa tayoyin, sai na tarar biyun baya sun yi zafin da ba na iya barin tafin hannuna a kansu, alhali biyun gaba ɗumi kawai suka yi.

Na ɗauki tef na yi awo. Daga ƙasa zuwa bututun motar na samu inci 23, motar babu kowa a ciki kuma babu kaya. Daga ƙasa zuwa kofin tirelar, wato bakin da yake hawa kan ƙwallon, na samu inci 17 bayan na daidaita ta da jak ɗinta da ido. A lissafina hannu mai saukar inci 6 nake bukata ke nan. To amma wani abokina ya ce in ɗauki mai inci 8, wai gara gaban tirela ya yi ƙasa sosai da ya ɗaga ko kaɗan, wani kuma ya ce mai inci 4 ya ishe ni domin motar za ta zauna idan nauyi ya hau ta. Ina roƙon wanda ya san aikin ya bayyana mini daga ina zuwa ina ake awon, wanne zan ɗauka a cikin ukun, ko kuwa gara in nemi irin hannun nan mai ramuka da ake ɗagawa a sauke. Ina kuma so in sani ko daidaita tsayin kaɗai zai kawar da lilon, domin ba na fatan sake ganin abin da na gani ranar nan.

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, kuma ka yi daidai da ba ka taka birki da ƙarfi ba lokacin da lilon ya fara. Hanyar lissafinka daidai ce, a cire tsayin kofin tirela daga tsayin bututun mota, abin da ya rage shi ne saukar da ake nema. Sai dai lambobin nan biyu da ka kawo, 23 da 17, ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba tukuna, kuma zan faɗa maka dalili.

Ka ce ka auna zuwa bututu, amma ba ka faɗi wane gefensa ba. Masu ƙera waɗannan hannaye suna ƙirga saukar ne daga saman sandar da take shiga bututu zuwa fuskar mazaunin da ake ɗaure ƙwallon a kai. Saboda haka a jikin mota ana aunawa daga ƙasa zuwa leɓen sama na cikin bututun. Idan ka tsayar da tef ɗinka a tsakiyar bututu mai inci 2, wajen ramin sakata, ka yi asarar inci guda. Idan a leɓen ƙasa ka tsayar, ka yi asarar inci 2, wanda ya kai tazarar da take tsakanin wani hannu da mai bi masa, tun da yawancinsu inci bibbiyu suke ƙaruwa: 2, 4, 6, 8. A jikin tirela kuma ana aunawa daga ƙasa zuwa ƙasan kofin, domin nan ne yake zuwa kusan daidai da fuskar mazaunin ƙwallo idan an ɗaura.

Babban abin da ya fi wannan shi ne ka auna motar tana fanko. Ba fanko za ka ja tirelar ba. Akwai kai, akwai mutanen da kake ɗauka, akwai mai cike da tanki, akwai abin da kake zubawa a bayan a-kori-kurar, sannan ga nauyin da wuyan tirelar, wato ƙarfen gabanta mai ɗauke da kofin, yake dannawa a kan ƙwallon, kuma duk waɗannan suna sa sifirin baya ya kwanta. Na ga motar da take zama inci guda, na ga wadda take zama inci 3, ya danganta da taurin sifirinta da shekarunta. Abokinka da ya ce motar za ta zauna gaskiya ya faɗa, kuskurensa kawai shi ne ya yanke maka lamba ba tare da ya auna ba. Ita ma tirelar haka take: idan ka loda mata kilo ɗari-ɗari, gangar jikinta tana sauka kusa da ƙasa, kofin da ka samu a inci 17 yana iya komawa 16 da rabi ko ƙasa da haka.

Ga yadda nake yi. Ka nemi daɓen siminti madaidaici, ka fara duba iskar tayoyin mota da na tirela, domin taya mai ƙarancin iska tana iya cinye maka rabin inci ba ka sani ba. Ka loda tirelar da kayan da ka saba ɗauka, a wuraren da ka saba ajiye su. Ka tsayar da ita a kan jak ɗinta, ka auna daga ƙasa zuwa ƙasan ƙarfen gangar jikinta ta gaba, ka sake aunawa a ƙarshen baya, ka yi ta juya jak har lambobin biyu su zo ɗaya. Na fi son wannan a kan ma'aunin lebur na magina, domin lebur yana nuna maka daidaito ne da ruwa, alhali abin da kake nema shi ne gangar jikin tirela ta yi layi ɗaya da ƙasar da take tsaye a kai. Idan daɓen yana da ɗan gangare, lebur zai yaudare ka, tef kuwa ba zai yaudare ka ba. Daga nan ka auna ƙasan kofin ka rubuta. Sai ka ɗaura tirelar a kan hannun da kake da shi yanzu, ka naɗe jak gaba ɗaya, mutanenka su shiga mota, wani ya zauna a kujerarka, ka sunkuya ka auna leɓen sama na cikin bututun. Bambancin wannan lamba da ta kofin shi ne saukar da kake bukata. Wanda motarsa take da sifirin iska mai daidaita kansa, sai ya bar injin yana aiki ya jira motar ta gama tashi kafin ya auna.

Da wuya lissafin ya faɗo daidai a kan lambar da ake ƙerawa. Idan tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce inci guda ba, ni ba na tayar da hankalina, kuma idan dole sai na zaɓa tsakanin gaba ya ɗan ɗaga ko ya ɗan sunkuya, sunkuyawar nake ɗauka. Akwai kuma ƙwallo mai dogon wuya, wanda yake ƙara inci 1 ko 2 a kan mazauninsa, ana gyara ƙaramin bambanci da shi.

Wani abu da zan ƙara saboda masu ƙananan motoci da za su karanta wannan: idan tsayin kofin tirela ya fi na bututun mota, hawa ake bukata maimakon sauka, kuma yawancin hannayen ana iya kifa su a kwance ƙwallon a mayar da shi ɗaya fuskar. Amma kada mutum ya ɗauka hawan zai yi daidai da saukar. Hannu mai saukar inci 2 idan an kifa shi yakan ba da hawan kashi uku cikin huɗu na inci ne kawai, domin har yanzu daga saman sandar ake ƙirgawa.

Game da hannu mai ramuka, idan tirela ɗaya kake ja da kaya iri ɗaya, dunƙulallen hannu ya ishe ka, ya fi sauƙin nauyi kuma ba ya ƙara. Idan kayanka suna canzawa sosai daga rana zuwa rana, ko kana jan tirela fiye da ɗaya, mai ramukan zai hutar da kai.

Mai Walda ya rubuta:

Ina goyon bayan duk abin da Baba Tsohon Bakanike ya faɗa, amma ni ra'ayina ya fi karkata ga abokinka na farko. A abin da na gani, tirelar da gabanta ya ɗaga ita ce mai lilo, domin nauyin yana komawa baya, wuyan ya yi sakayau, iska kuma ta riƙa shiga ƙarƙashinta tana ƙara ɗaga ta. Wadda gabanta ya sunkuya ban taɓa ganin ta ba mutum wahala a hanya ba. Da ni ne, zan ɗauki mai inci 8 in huta.

Abin da ya sa na sa baki shi ne in ja kunnenka a kan abu ɗaya da ya shafi sana'ata. Kada ka yarda wani ya ce zai yanke hannun da kake da shi ya ƙara masa tsawo da walda. An sha kawo mini irin wannan aiki ina mayar da shi. Duk lokacin da ka taka birki, tirelar tana tunkuɗo ƙwallon gaba, duk lokacin da ka ba da wuta tana fizgar shi baya, kuma gwargwadon nisan ƙwallon daga bututu, gwargwadon ƙarfin da yake neman lanƙwasa hannun a daidai gwiwarsa, kamar yadda doguwar sifana take kwance notin da gajera ta kasa. Shi ya sa za ka ga hannaye masu doguwar sauka an sa musu ƙarfen tokara a kusurwa. Wanda aka ƙera a masana'anta an buga masa iyakar nauyinsa a jiki, wanda aka yi wa ƙari kuwa ba wanda ya san iyakarsa sai ranar da ya karye. Ka duba wannan lamba a jikin hannun, da jikin ƙwallon, da jikin bututun, da littafin motar. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ce iyakarka.

Injiniya Mai Lissafi ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Bayanin Baba Tsohon Bakanike a kan awo ba shi da gyara. Amma ina neman afuwar Malam Mai Walda, shawarar inci 8 ba ta dace da wannan tirelar ba, kuma dalilin yana cikin wata magana da mai tambaya ya yi wadda aka wuce ta da sauri: tirelarsa aksul biyu gare ta.

Ka'idar da aka saba ji, cewa ɗaga gaba yana rage nauyin wuya, sunkuyar da shi kuma yana ƙarawa, gaskiya ce a tirela mai aksul ɗaya. Can tirelar tana juyawa ne a kan aksul ɗin kamar sikeli, kuma tun da cibiyar nauyin kaya tana sama da aksul, karkatar da gangar jiki baya yana tura cibiyar baya. Ana iya lissafa wannan. A ɗauki tirela mai kilo 1,000, tsakanin kofinta da aksul mita 3, cibiyar nauyinta santimita 80 sama da aksul. Idan aka ɗaga kofin santimita 10, cibiyar tana matsawa baya kusan santimita 2.7, wuyan kuma ya rasa kimanin kilo 9. Idan kayan dogo ne, cibiyarsa ta kai mita ɗaya da rabi, asarar takan kusa kilo 17. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wuyan da dama kilo 100 yake ɗauke da shi, amma kuma bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

A aksul biyu labarin yana juyewa. Idan ka ɗaga gaba, kana sauke wa aksul ɗin gaba kaya kana ɗora wa na baya, wato wurin da tirelar ta dogara a kai ya koma baya, nesa da cibiyar nauyi, kuma wannan yana ƙara nauyin wuya ne. Idan ka sunkuyar da gaba da yawa, aksul ɗin gaba ya ɗauke kayan, madogarar ta matso gaba, wuyan ya yi sauƙi, kuma dogon ɓangaren tirelar ya rage yana reto a bayan tayoyin da suke riƙe da hanya. Saboda haka wanda ya sa wa irin wannan tirela hannu mai sauka fiye da kima don gudun lilo, yana iya yin gyaran gangar auzinawa: zafin da ka ji a tayoyin baya ya koma na gaba, nauyin wuya ya ragu, lilon kuma yana nan.

Yawan wannan juyewa ya danganta da irin ƙafar tirelar. Ka leƙa ƙarƙashinta. Idan sifirin mai falle-falle ne, kuma tsakanin na gaba da na baya akwai wani ɗan ƙarfe mai lilo da ya haɗa su, wannan ƙarfen yana raba nauyi tsakanin aksul biyun, yana yafe ɗan karkata matuƙar bai kai ƙarshen lilonsa ba. Idan kuwa irin aksul ɗin nan ne mai roba a cikin bututu, wanda kowace taya take kan hannunta ita kaɗai, babu mai raba musu komai, kuma karkatar inci 2 ko 3 ta isa ta ɗora wa aksul ɗaya mafi yawan kayan. Yadda ka kwatanta zafin tayoyinka, ina zaton irin wannan ce da kai. Abin da zafin yake nufi shi ne tayoyi biyu da boris ɗinsu suna yin aikin huɗu, kuma idan tirelar tana da birki a aksul biyun, tayoyin da ba su da nauyi za su riƙa kullewa suna jan ƙasa tun kafin sauran su kama sosai. Idan birkinta irin mai kamawa da tunkuɗar wuya ne, shi ma yana son wuyan ya miƙe sosai don ya zame gaba da baya ba tare da cijewa ba. A irin wannan tirela ni daidai nake nema, kuma rabin inci zuwa inci guda na sunkuyawa shi ne iyakar abin da zan lamunta.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wadda a wurina ita ce mafi muhimmanci. Daidaita tsayi kaɗai ba lallai ya kawar da lilo ba. Hannun ƙwallo yana gyara karkata ne, ba ya gyara yadda aka jera kaya. A irin waɗannan tireloli ƙirar Amurka ana son nauyin wuya ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar da kayanta, wato a kilo 1,600 naka tsakanin kilo 160 da 240, muddin bai wuce abin da motar da bututunta suke ɗauka ba. Za ka iya aunawa da sikelin da mutum yake hawa a gida. Ka ɗora katako mai ƙarfi, kai ɗaya a kan bulo, ɗaya kan a kan sikelin, tsakaninsu ƙafa 3, ka sa ɗan guntun bututu a ƙarƙashin kowane kai don nauyin ya sauka a wuri ɗaya. Ka sauke wuyan tirelar a kan katakon ƙafa 1 daga bulon, ƙafa 2 daga sikelin, abin da sikelin ya nuna ka ninka shi sau 3. Sharaɗin shi ne kofin ya kasance a tsayin da za a ja tirelar, in ba haka ba aksul biyun za su ba ka lambar ƙarya saboda dalilin da na bayyana.

Ka kuma lura cewa nauyin wuya yana aiki a kan motar kamar maɓamɓari. Idan tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 3 ne, ƙwallon kuma yana mita 1.2 bayan aksul ɗin baya, kilo 160 a kan ƙwallo yana cire kilo 64 daga tayoyin gaba, ya ɗora kilo 224 a kan na baya. Idan bayan motar ya kwanta har sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilun gaba suna haska saman bishiyoyi, canza hannu zai daidaita tirelar amma motar tana nan yadda take. Maganin wannan rage kaya ne, ko irin na'urar ja mai sanduna biyu da take mayar da wani kaso na nauyin zuwa gaban mota, idan motar da tirelar duka sun yarda da ita.

Direban Dare ya rubuta:

Ƙari kaɗan. Tun da za ka canza hannu, wataƙila za ka sayi sabon ƙwallo, to ka karanta girman da aka buga a jikin kofin tirelar kafin ka saya. Na ƙirar Amurka uku ne aka fi sani: inci 1⅞, inci 2, da inci 2 5/16. Kofin inci 2 yana hawa ƙwallon inci 1⅞ ya kulle kamar komai lafiya, sai an faɗa rami ya yi tsalle ya fita. Na Turai kuma milimita 50 ne, inci 2 kuwa milimita 50.8 ne, ido ba ya raba su amma ba ɗaya ba ne. A Turai ma wannan matsala ta tsayi ba ta cika tasowa ba, domin ƙa'idarsu ta ce tsakiyar ƙwallo ta kasance tsakanin milimita 350 da 420 daga ƙasa idan mota tana ɗauke da kaya, masu ƙera tirela kuma suna bin wannan. Wanda yake da dogayen motoci masu bututu shi ne sai ya auna da kansa. Ka tabbata kuma kaurin ƙafar ƙwallon ya cika ramin hannun. Ƙafa mai kaurin inci 1 ba a ɗaure notinta da sifanar hannu kawai, ƙarfin ɗaurinta yana kai wa wajen Nm (newton-mita) 340, sai da doguwar sifana mai awo.

Mai A-kori-kura ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi awon jiya da safe kamar yadda Baba ya tsara, ga abin da na samu. Ashe a ramin sakata na tsayar da tef a karon farko. Leɓen sama na cikin bututun inci 24 ne motar tana fanko. Da na ɗaura tirelar da kayanta, yarana biyu na aiki suka shiga, ƙanena ya zauna a kujerata, sai ya koma 22. Kofin tirelar kuma, bayan na loda ta na daidaita gaba da baya da tef, inci 16 da rabi ne. Bambancin 5 da rabi ke nan. Abin dariya, inci 6 da na lissafa da farko ya kusa zama daidai, amma ba don na iya ba, kurakuraina ne suka cinye juna. Hakan yana nufin duk tsawon wannan lokaci gaban tirelar yana sama da inci 3 da rabi.

Injiniya, zatonki ya tabbata, aksul ɗin mai roba ne, babu falle ko ɗaya a ƙarƙashinta. Na ari hannu mai ramuka wanda yake sauka inci ɗaya-ɗaya don in gwada kafin in sayi nawa. Na kuma yi awon sikeli da kofin a inci 16 da rabi, sikelin ya nuna kilo 34, wato wuyan kilo 102 kacal yake ɗauke da shi, bai ma kai kashi 7 cikin 100 ba. Da na dubi yadda nake lodi sai na ga dalili: janareta, wanda shi ne mafi nauyi a kayana, kullum a ƙarshen baya nake ajiye shi don ya yi sauƙin saukewa. Na matso da shi gaban aksul ɗin farko na ɗaure, sikelin ya koma 57, wato kilo 171. Sai dai wannan ya ƙara zaunar da motar rabin inci, bututun ya koma 21 da rabi, saboda haka ramin inci 5 ne ya yi daidai, kuma da tef gaba da bayan tirelar ba su bambanta da abin da ya kai rubu'in inci ba. Na yi tafiyar kilomita 40 da ita, manyan motoci uku sun wuce ni, ta ɗan girgiza ta koma layi nan take, tayoyin huɗu kuma ɗuminsu ɗaya.

Saura matsala ɗaya ƙarama. Tun da kofin ya sauko, sarƙoƙin tsaro biyun sun yi tsawo, ɗaya tana jan ƙasa har na ga ta yi fari a wurin. Shin in murɗa su don su gajarta?

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Madalla da wannan aiki. Kada ka murɗa sarƙa, murɗawa tana sa zobbanta su ɗauki nauyi ta gefe, ƙarfinta ya ragu. Ka gicciya su a ƙarƙashin wuyan, ta dama ta kama hagu, ta hagu ta kama dama, yadda idan kofin ya fita zai faɗa a kansu maimakon ya caki kwalta. Idan har yanzu sun yi tsawo, ka mayar da ƙugiyar zobe biyu ko uku baya da mahaɗi mai ƙarfin da ya kai na sarƙar, ka bar abin da zai ishe ka yin kwana mai tsanani, ka gwada hakan a fili a hankali wani yana kallo. Wadda ta ja ƙasa ka duba zobbanta ɗaya bayan ɗaya, idan sun ci har sun sirance a canza ta. Ka duba wayar fitilu ma, ita ma tsawonta ya canza. Sannan ka auna daga ƙasa zuwa ƙarshen wutsiyar hannun mai ramuka, domin takan sauko ƙasa da ƙwallon da inci da yawa, kuma ita ce za ta fara dukan tudun rage gudu ko bakin gangare. Idan ka ga ta yi kusa da ƙasa, lokacin sayen naka ka ɗauki dunƙulallen mai inci 6 ka sa masa ƙwallo mai wuyan inci 1, za ka dawo kan inci 5 ɗinka.